“Cause” da “Reason”: inda kalmar dalili ke rabuwa biyu a Turanci

A takardun jarrabawar WAEC da NECO akwai tambayoyi iri biyu da ɗalibai suka saba gani. Ɗaya tana farawa da “State five causes of”, ɗayar kuma da “Give three reasons why”. Ɗalibi Bahaushe yakan fassara su duka a ransa da “kawo dalilai”, ya duƙufa rubutu, kuma sau da yawa ya tsira da makinsa, domin akwai filin da kalmomin biyu suka yi tarayya a kai. Matsalar tana fitowa ne a wasiƙar neman izini, rahoton hatsari, takardar asibiti ko labarin jarida. A nan sanya ɗaya a gurbin ɗaya yana iya karkatar da ma'anar jimla, ko ya fitar da Turancin da mai harshen zai ji ya yi masa banbaraƙwai.

Ruɗanin ya samo asali ne daga faɗin kalmar dalili. Muna cewa “ya rasu a dalilin hatsarin mota”, muna kuma cewa “mene ne dalilinka na barin aiki?” Kalma ɗaya ce, amma aikin da take yi a jimlolin biyu ba ɗaya ba ne. A ta farko ana iya cire ta a sa sanadi ko sila, ba abin da zai canza. A ta biyu kuwa hujja ce ta fi kusa da ita. Wannan rabuwa da Hausa ke yi idan ta ga dama, Turanci yana yin ta kusan a dole: “cause” ita ce sanadi, sila, musabbabi, abin da ya haddasa faruwar wani abu, “reason” kuma ita ce abin da mutum ya riƙe a ransa ya yi aiki da shi, ko abin da ake gabatarwa don a kare wani mataki, ko bayanin da ke sa a fahimci abu.

Annobar kwalara ta birnin Landan a 1854 tana nuna bambancin fiye da kowace ma'anar ƙamus. A ƙarshen watan Agusta na wannan shekara cutar ta ɓarke a unguwar Soho, ta kashe mutane sama da 600. Yawancin likitocin lokacin da jama'ar gari sun yi imani cewa gurɓatacciyar iska mai wari ce ke kawo ta, kuma mutane da yawa suka kwashe iyalansu suka bar unguwar. Likita John Snow ya bi gidajen da aka yi rasuwa, ya ga akasarinsu suna ɗiban ruwa a famfon da ke titin Broad. Ya kai wa hukumar unguwar wannan bayani, aka cire hannun famfon ranar 8 ga Satumba. Daga baya aka gano cewa ramin ƙazantar wani gida da ke dab da rijiyar yana tsiyaya cikinta. Ita kuwa ƙwayar cutar, sai bayan aikin likita Bajamushe Robert Koch a 1883 da 1884 duniyar likitanci ta yarda da ita.

Idan za a ba da wannan labari da Turanci, gurɓataccen ruwan da ƙwayar da ke cikinsa su ne “the cause of the outbreak”. Suna nan suna aikinsu ko an san da su ko ba a sani ba. Ba su jira Koch ba. Bayanin da Snow ya kai wa hukuma shi ne “the reason for removing the handle”. Tsoron iska mai wari shi ne “the reason” da ya sa wasu suka gudu, duk da cewa ba iskar ke kashe mutane ba. A nan ne bambancin ya fi fitowa fili. “Reason” tana iya ginuwa a kan kuskure, ta kuma ci gaba da zama dalilin mutum na gaskiya. “Cause” ba ta da wannan sassauci: idan bincike ya nuna ba abin ne ya haddasa ba, to ya sauka daga wannan matsayi.

Daga nan ake samun gwaji mafi sauƙi ga mai rubutu. Ka gwada siffanta kalmar da kyau ko rauni. Bature yana cewa “a good reason”, “a valid reason”, “a poor reason”, domin hujja abu ce da ake aunawa, a karɓa ko a yi watsi da ita. Ba ya cewa gobara tana da “a valid cause”. Siffofin da ke bin “cause” na bincike ne: “main”, “root”, “immediate”, “underlying”, “likely”, “unknown”. Haka ma aikatau ɗin da ke tafiya da kowace. Ana “give”, “state”, “offer” ko “have” a “reason”, wato mutum ne ke da ita, shi ke furta ta, yana kuma iya ɓoye ta. Ana “find”, “identify”, “establish” ko “investigate” a “cause”, wato nemo ta ake yi, kamar yadda makanike ke bin waya har ya kai inda ta tsinke. Da Hausa ma kunne yana kama wannan: kana iya ce wa mutum hujjarsa ba ta da ƙarfi, amma ba ka cewa sanadin gobara ba shi da ƙarfi.

Sai dai a yi hattara da dokar da wasu malamai ke rubutawa a allo, wai “cause” ta abubuwa ce, “reason” ta mutane. Rabin gaskiya ce. “Reason” tana shiga filin abubuwa marasa rai ba tare da kowa ya ɗaga gira ba. “The reason the bridge collapsed was rust” Turanci ne mai kyau, daidai da “The cause of the collapse was rust”. Gada ba ta da zuciyar da za ta yanke shawara. Mai magana ne ke ba da bayani, kuma bayani “reason” ne. Bambancin da ya rage ɗan kaɗan ne: jimlar farko ta hira ce da bayani, ta biyu ta rahoton injiniya ce. Saboda haka idan kana magana a kan ambaliya, zaizayar ƙasa ko mutuwar injin, da wuya ka yi ɓarna da “reason”. Hatsarin yana ɗaya ɓangaren ne, wato amfani da “cause” a inda mutum ya yi zaɓi da hankalinsa.

Dubi waɗannan tambayoyi biyu game da ma'aikacin da ya ajiye aiki. “What was his reason for resigning?” tana neman abin da shi ya auna ya ga ya isa ya tafi: ya sami aikin da ya fi, yana son komawa kusa da iyayensa, bai yarda da wani tsari ba. “What caused him to resign?” tana neman abin da ya tura shi: matsin lamba, rashin lafiya, wani abin kunya da ya fito. Ta farko tana kallonsa a matsayin mai zaɓi. Ta biyu tana kallonsa a matsayin wanda abu ya faɗa wa. Ɗan jaridar da ya zaɓi ta biyu ya riga ya shigar da zargi cikin labarinsa, ko ya yi niyya ko bai yi ba. Haka wanda ya rubuta wa shugabansa “the cause of my request” maimakon “the reason for my request”: ba zagi ba ne, amma jimlar tana nuna kamar buƙatar ta tsiro ne da kanta ba shi ya kawo ta ba.

Darasin tarihi yana buƙatar kalmomin biyu a shafi guda. Idan aka tambayi “causes of the First World War”, ana neman tarin abubuwan da suka haɗu suka haifar da yaƙin 1914: ƙawancen soja da ya raba Turai gida biyu, tseren ƙera makamai, kishin ƙabila a yankin Balkan, sannan kisan Yarima Franz Ferdinand a Sarajevo ranar 28 ga Yuni, wanda littattafan makaranta ke kira “immediate cause”, saura kuma “remote causes”. Amma idan aka tambayi abin da ya sa Birtaniya ta shelanta yaƙi a kan Jamus ranar 4 ga Agusta, an koma “reason”, domin gwamnati ce ta zauna ta yanke shawara, kuma abin da ta gabatar shi ne kutsen Jamus cikin Beljiyam, wadda yarjejeniyar Landan ta 1839 ta lamunce mata zaman 'yar ba-ruwanmu. Ɗalibin da ya amsa tambaya ta biyu da jerin ƙawance da tseren makamai bai faɗi ƙarya ba, amma ba abin da aka tambaye shi ya amsa ba.

Saboda “reason” a bakin mutum take, tana da ciki da waje. Shi ya sa Turanci ya tanadi “the stated reason”, “the official reason” da “the real reason”. Lokacin da Amurka da Birtaniya suka mamaye Iraƙi a 2003, babban dalilin da suka gabatar shi ne makaman ƙare-dangi. Tawagar binciken da suka tura da kansu ta ba da rahoto a 2004 cewa ba ta sami tarin irin waɗannan makamai ba. Mai rubutu mai taka-tsantsan yana cewa “the reason given for the invasion”, ya bar wa mai karatu sauran. Da zai rubuta “the cause of the invasion was weapons of mass destruction”, da ya tabbatar da abin da bai tabbata ba. Idan kuma yana ganin hujjar fakewa ce kawai, akwai “pretext”. Idan ta kare kai ce daga laifi, akwai “excuse”, wadda ta yi kusa da uzuri amma ta fi shi ɗaukar zargi. Ce wa Bature “that is an excuse” kusan ce masa ne kame-kame yake yi.

Masana falsafa sun daɗe suna jayayya a kan ko dalilin mutum shi ma wani nau'in sanadi ne. A 1963 Donald Davidson, ɗan Amurka, ya kafa hujja cewa haka ne: mutum yana iya riƙe dalilai da yawa na yin abu, amma wanda ya motsa shi a zahiri shi ne sanadin aikin. Wasu kafinsa sun tsaya a kan cewa bayanin aikin ɗan Adam daban yake da bayanin faɗuwar dutse. Mai koyon Turanci ba ya buƙatar shiga wannan rigima. Abin da zai ɗauka shi ne harshen yau da kullum yana raba su, ko da falsafa ta haɗa.

Yawancin jan biron da malami ke yi a kan waɗannan kalmomi ba na ma'ana ba ne, na 'yan ƙananan kalmomin da ke bin su ne. “Cause” tana tafiya da “of”, “reason” tana tafiya da “for”. Hausa tana haɗa duka biyun da ɗafa-ƙeya guda, sanadin gobara, dalilin tafiya, sai hannu ya zarce ya rubuta “the reason of his absence”. Daidai shi ne “the reason for his absence” da “the cause of the fire”. Bayan “for” suna ne ke zuwa ko aikatau mai “-ing”, kamar “my reason for leaving”. Idan cikakkiyar jimla ce za ta biyo baya, “reason” kaɗai ke iya ɗaukar ta: “the reason why he left”, “the reason that he left”, ko a yar da mahaɗin a ce “the reason he left”. Babu “the cause why he left” a Turancin yau. Wannan kaɗai yana warware rabin shakku: in abin da za ka bayyana yana da nasa aikatau, kamo “reason”. Akwai kuma “reason to”, mai kallon gaba, kamar “you have no reason to worry”, ba ka da dalilin damuwa.

Wasu malamai suna soke “the reason why” wai maimaici ne. Tsohuwar magana ce a harshen, manyan marubuta suna amfani da ita, kuma babu laifi a cikinta. Wadda ta cancanci a guje mata a rubutun jarrabawa da na ofis ita ce “the reason is because”. Turawa da kansu suna faɗin ta a hira, amma editoci suna gyara ta zuwa “the reason is that”, kuma mai duba takarda yana iya rage maki a kanta.

A matsayin aikatau kalmomin sun rabu nesa. “To cause” haddasawa ne, kuma idan wani aikatau ya biyo baya dole a sa “to”: “the rain caused the wall to fall”. “Make” ce ba ta buƙatar “to”: “the rain made the wall fall”. Cakuɗa su ne ke haifar da “caused the wall fall” da “made him to cry”, kurakurai biyu da suka yi katutu a rubutun ɗalibai a Najeriya. “To reason” kuwa ba ta nufin jawo komai. Tana nufin yin tunani daki-daki, kuma “to reason with someone” shi ne ƙoƙarin shawo kansa da hujja. Haka sunan, idan ya zo ba “a” ba “the”, yakan koma hankali: “listen to reason”, “within reason”.

Sai kuma inda “cause” ke tsallaka iyaka ta shiga gonar “reason”, kuma wannan ne ke rikita wanda ya haddace doka. Sanarwar hukuma takan ce “there is no cause for alarm”. Ga “cause” ga “for”, kuma daidai ne. Ma'anarta babu hujjar tayar da hankali. Kwatanta da “the cause of the alarm”, wadda ke nufin abin da ya tayar da hankalin mutane. Jita-jita tana iya zama “the cause of the alarm” alhali babu “cause for alarm” ko kaɗan. Wannan “cause for” tana zuwa ne da sunayen yanayin zuciya, irin su “concern”, “complaint” da “celebration”, kuma galibi ba a sa mata “the” ko jam'i.

Tarihin kalmar ne ya bar wannan saura. Duka biyun sun shigo Turanci ta hanyar Faransanci a ƙarnonin da suka biyo bayan mamayar da Normandawa, mutanen arewacin Faransa, suka yi wa Ingila a 1066. “Reason” ta fito daga “ratio” ta Latin, mai nufin lissafi. “Cause” ta fito daga “causa”, wadda a Latin ta haɗa sanadi, hujja da ƙarar da ake kaiwa kotu. Harshen shari'a ya riƙe tsofaffin ma'anonin. Jerin ƙararrakin da za a saurara, wanda ake liƙawa a kotunan Najeriya, sunansa “cause list”. “Cause of action” shi ne abin da ya ba mutum damar shigar da ƙara. Idan kotu ko ma'aikata ta ce wa mutum “show cause”, tana nufin ya kawo hujjar da za ta hana a ɗauki mataki a kansa, saboda haka amsar da zai rubuta “reasons” ce, ba tarihin yadda abin ya faru kaɗai ba. Ma'aikacin da ya cika shafi biyu da labarin lalacewar mota, bai faɗi abin da ya sa bai kamata a hukunta shi ba, bai amsa takardar tuhumar ba. A Amurka gyara na huɗu ga tsarin mulki, wanda ya fara aiki a 1791, ya hana bayar da takardar izinin bincike ko kamu sai da “probable cause”, wato isasshiyar hujja. Abin ban sha'awa, hukumar binciken hatsarin sufuri ta ƙasar tana amfani da wannan lafazi ɗaya da ma'anar sanadin da ya fi yiwuwa. Mai fassara sai ya duba ko ɗan sanda ake magana a kai ko jirgin sama. Akwai ma ta uku: “a good cause” ba kyakkyawan sanadi ba ne, aikin alheri ne ko manufar da ake yi wa fafutuka.

Wani abu da ƙamus ba ya cika faɗa shi ne halin “cause” na son mugun abu. A 1995 masanin harshe Michael Stubbs ya bi kalmar cikin tarin rubuce-rubucen Turanci da aka adana a kwamfuta, ya ga mafi yawan abokan tafiyarta matsala ne, ɓarna, ciwo, mutuwa da damuwa. Kamar haddasa take a Hausa: ba a haddasa zaman lafiya, ba a haddasa albarka. Don haka “the scholarship caused my success” ba ta karya dokar nahawu ba, amma tana da ɗanɗanon da bai dace ba. Ga abin alheri a ɗauki “led to”, “brought about” ko “contributed to”, ko a juya a ce “the reason for my success”. Rubutun kimiyya ne kaɗai kalmar ke zama ba yabo ba fallasa, kamar “heat causes metal to expand”.

A kimiyyar ma tana da tsada. Masu bincike suna cewa “associated with” ko “linked to” idan abu biyu suna tafiya tare, suna ajiye “causes” sai an tara hujja mai yawa. Masu bincike biyu na Birtaniya, Richard Doll da Austin Bradford Hill, sun wallafa alaƙar shan taba da sankarar huhu a 1950, amma sai a 1964 babban likitan gwamnatin Amurka ya fitar da rahoton da ya bayyana taba a matsayin sanadin cutar ga maza. A ɗakin labarai na Hausa wannan tazara takan ɓace cikin jimla ɗaya: rahoto ya ce “linked to”, mai fassara ya rubuta “yana haddasa”. Daidai shi ne “yana da alaƙa da”, ko da kanun labarin zai rage armashi.

Takardar shaidar mutuwa ita ce wurin da “cause” ta fi tsauri, kuma “reason” ba ta da gurbi a kanta sam. Samfurin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsara yana da kashi biyu. A kashi na farko likita yana rubuta cutar da ta kai ga rasuwa kai tsaye a layin sama, sannan ya gangaro layi-layi yana rubuta abin da ya jawo na samansa, har ya kai tushe. Na ƙasan nan shi ne “underlying cause”, kuma shi ne ake ƙirgawa a alƙaluman lafiya na ƙasa. Misali, zubar jini a ƙwaƙwalwa a sama, hawan jini a ƙasa. Kashi na biyu na cututtukan da suka taimaka ne ba tare da suna cikin wannan sarƙa ba. Ana gargaɗin likitoci kada su rubuta tsayawar zuciya ko ta numfashi kaɗai, domin wannan yadda aka rasu ne, ba abin da ya jawo ba. Mai rubuta ta'aziyya ko labari da Turanci sai ya riƙe “cause of death”. “Reason for his death” tana sa mai karatu ya fara tunanin ko wani ne ya kashe shi da wata manufa.

Saura kuskuren da kunne ke jawo wa hannu. “Cause” tana ƙarewa da sautin z, “course” da sautin s, “curse” kuma wasalinta daban ne. A lafazin yawancin 'yan Najeriya ukun sun kusa zama ɗaya, shi ya sa ake ganin “the course of the accident” a rahoton hatsari, wanda a zahiri yake nufin yadda hatsarin ya gudana, da “of cause” a gurbin “of course”. Manhajar gyaran rubutu ta kwamfuta ba kasafai take kama wannan ba, tunda kowace daga cikinsu kalma ce mai zaman kanta, don haka sai an bi takardar da ido kafin a sa hannu.